Me ya sa ruwa ke da nauyi ɗaya tak, amma roba ba ta da shi?

Tambaya: Malam, a aji an koya mana lissafin nauyin molekul, ruwa 18, gulukos 180, kuma na gane wannan sarai. Amma da muka zo kan polima, wato dogayen molekuloli irin na roba da leda, da kuma furotin sai na ga littafi yana cewa "kimanin 64,500", wani wurin ma "daga 100,000 zuwa 500,000". Shin an kasa auna su daidai ne? Kuma wai molekul zai iya girma har ina?

Amsa: Ɗan'uwa, daidai inda ka tsaya ɗin nan ne manyan masana kemistiri suka yi shekaru suna kai ruwa rana, don haka tambayarka ba ƙarama ba ce. Ba gazawar awo ba ce. Wani lokaci "kimanin" ɗin taƙaitawa ce kawai, cikakkiyar lambar tana nan ga mai buƙata. Wani lokaci kuwa babu lamba guda da za a ba ka, domin abin da ke cikin kwalbar ba nauyi ɗaya gare shi ba. Misalan nan biyu da ka kawo, na farko yana cikin rukunin farko, na biyu yana cikin na biyu, kuma littattafai da yawa suna haɗa su wuri ɗaya ba tare da sun faɗa wa ɗalibi ba.

Bari mu fara da ma'aunin kansa. Idan aka ce ruwa 18, 18 ɗin mene ne? An ɗauki atam ɗin kabon mai lamba 12, aka raba nauyinsa gida 12, aka ce kashi ɗaya shi ne ma'auni. Sunansa dalton, don tunawa da John Dalton, kuma tun 1961 masana kemistiri da na fiziks suka daidaita a kansa. Haidirojin kusan 1 ne, kabon 12, naitirojin 14, oksijin 16. Sai ka tara dalton 6.022 × 10²³ kafin ka sami giram ɗaya, wato lambar Avogadro ke nan, shi ya sa lamba guda take aiki biyu: molekul ɗin ruwa ɗaya dalton 18, mol ɗaya na ruwa giram 18. Wannan ƙa'ida ba ta canzawa ko da molekul ya kai girman me. Abin da ke canzawa shi ne ma'anar lambar.

Ga ƙaramin molekul, nauyi kamar suna yake. Ka ƙara masa atam ɗaya, ya tashi daga shi, ya koma wani abu dabam. Dubi dangin da aka gina da kabon da haidirojin zalla. Mai kabon ɗaya, mitan, nauyinsa 16, iska ce da ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 162 ƙasa da sifili. Mai kabon biyu, itan, nauyinsa 30, shi a digiri 89 ƙasa da sifili yake zama ruwa. Kabon ɗaya kacal ya kawo tazarar fiye da digiri 70. Ka hau zuwa kabon takwas, oktan, 114, ruwa ne, yana cikin man fetur. Ka kai kabon 20 zuwa 40, ka shiga kakin kyandir, mai tauri amma mai saurin karyewa. Ka ci gaba da tsawaita sarƙar har kabon dubbai, sai ga ledar da ake zuba kaya a ciki, wadda masana ke kira polietilin. Kayan gini iri ɗaya ne tun daga iskar har ledar, tsawon sarƙa ne kawai ya bambanta.

To a can sama, tsakanin sarƙa mai kabon 20,000 da mai 20,002, wane bambanci za ka gani? Babu. Narkewarsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, babu hanyar tacewa da za ta raba maka su. Ma'anar babban molekul ke nan a wurin ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, IUPAC: wanda aka gina da maimaita ƙananan gaɓoɓi, har ya zama ƙara gaɓa ɗaya ko cire ta ba ya sauya halinsa. Ka lura ba a yanka wata lamba aka ce daga nan ne girma ya fara ba. Hali aka duba.

Yanzu ka shiga cikin tukunyar da ake haɗa polietilin. Gaɓarsa etilin ce, nauyinta 28. Sarƙoƙi bila adadin ne suke girma lokaci guda, kowacce tana kama gaɓa tana ƙarawa, kuma babu mai ƙirga mata. Wata ta yi gaɓa 800 ta ci karo da abin da ya tsayar da ita, wata ta kai 10,000, nauyinta ya zama 280,000, wata ta wuce haka. Idan aka sauke, abin da ke hannunka taro ne na dogaye da gajeru. Tambayar "nawa ne nauyin polietilin" ta zama kamar tambayar "nawa ne tsawon mutum". Sai dai a ba ka matsakaici.

A nan nake so ka natsu, domin nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe: matsakaicin ba ɗaya ba ne. A ce kana da sarƙa goma, tara daga ciki kowacce nauyinta 10,000, ɗaya kuma 100,000. Idan ka tara nauyin duka ka sami 190,000, ka raba da goma, 19,000 ke nan. Wannan shi ne matsakaici na ƙirge, ana rubuta shi Mn, kowace sarƙa ƙuri'a ɗaya gare ta, babba ce ko ƙarama. Amma sake duba tarin. Doguwar nan guda ɗaya ita ke ɗauke da 100,000 cikin 190,000, fiye da rabin kayan. Da za ka rufe ido ka ɗauki atam ɗaya daga tarin, ya fi yiwuwa na doguwar ne. Don haka akwai matsakaici na biyu, na nauyi, Mw, inda kowace sarƙa ke da ƙuri'a gwargwadon nauyinta. Lissafinsa: ka ninka kowane nauyi da kansa, ka tara, ka raba da jimillar nauyin. Tara sau 100,000,000 a haɗa da 10,000,000,000 ya ba da 10,900,000,000. A raba da 190,000, ya fito kimanin 57,400. Kaya ɗaya, lamba biyu, 19,000 da 57,400, kuma dukansu gaskiya ne. Idan ka raba ta biyun da ta farkon ka sami kusan 3, wannan ke nuna yadda sarƙoƙin suka warwatsu a tsawo. Da duka tsawonsu ɗaya ne, da amsar ta zama 1 cif.

Kada ka ɗauka wasa da lissafi ne. Mai sarrafa roba a masana'anta da waɗannan lambobi yake aiki. Gajerun sarƙoƙi suna zamewa a kan juna cikin sauƙi, shi ya sa kakin kyandir ke ɓallewa da zarar ka lanƙwasa shi. Dogaye kuwa cukurkuɗewa suke yi kamar zaren da ya harɗe, ka ja ɗaya sauran su riƙe. Da zarar tsawo ya wuce inda harɗewar ke farawa, kaurin narkakkiyar roba ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi, tsalle yake yi: ka ninka Mw sau biyu, kauri ya ninku fiye da sau goma. 'Yan dogayen sarƙoƙi kaɗan sun isa su sa roba ta ƙi gudana a cikin injin, alhali Mn bai ko motsa sosai ba. Akwai wani nau'in polietilin da nauyinsa ke kaiwa miliyoyi. Ko an narka shi ba ya kwarara, sai dai a matse garinsa da zafi a siffanta shi, amma juriyarsa ga gogayya ta sa likitoci ke sa shi a gaɓar ƙugu ta roba. Shi da ledar zuba kaya gaɓarsu ɗaya ce.

Wallace Carothers, wanda ya haɗa nailan a kamfanin DuPont a 1935, ya fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi da nake ganin ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe ta, game da polimar da ake ginawa ta hanyar haɗa bakin wata gaɓa da bakin wata. Idan rabin bakunan sun haɗu, matsakaicin tsawo gaɓa 2 ne kawai. Idan 95 cikin 100 sun haɗu, gaɓa 20. Sai an kai 99 cikin 100 kafin a sami gaɓa 100. A sauran ayyukan kemistiri wanda ya sami 95 cikin 100 ya yi abin yabo. A nan bai sami zaren da zai saƙu ba. Shi ya sa 'yar ƙazanta ko ɗan kuskure wajen auna kayan haɗi ke lalata tukunya guda.

Furotin kuwa labarinsa dabam ne. Shi ba a bar wa sa'a ba, jiki yana karanta umarni daga DNA ne yana jera gaɓoɓin amino asid ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Insulin na ɗan'adam gaɓa 51 ne, kabon 257, haidirojin 383, naitirojin 65, oksijin 77, farar wuta 6. Ka yi lissafin da aka koya maka a aji, irin na ruwa, za ka sami kusan 5,808. Frederick Sanger ne ya gano jerin gaɓoɓin insulin, ya kammala a 1955, aikin da ya tabbatar cewa furotin jeri ne tsayayye ba tarkace ba, ya kuma sami kyautar Nobel a kansa a 1958. Lambar 64,500 da ka gani ta hemogulobin ce, mai ɗaukar oksijin a jini: sarƙa huɗu, biyu masu gaɓa 141, biyu masu 146, jimilla 574, da atam huɗu na ƙarfe. "Kimanin" a nan taƙaitawa ce.

Iyakar da ta raba rukunin biyu ba "na halitta" da "na masana'anta" ba ce, kamar yadda wasu ke zato. Tambayar ita ce, da umarni aka jera ko babu? Sitaci da selulos na auduga da ɗanyen roba na bishiya duk na halitta ne, amma sarƙoƙinsu ba tsawo ɗaya ba. Gaɓar sitaci da ta selulos duka 162 ce, wato gulukos 180 da aka cire masa ruwa 18 a wurin haɗi, sai dai yawan gaɓoɓin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Hefarin, maganin hana jini daskarewa, shi ma haka yake: na asali matsakaicinsa wajen 15,000, an kuma yanka shi an fitar da mai ƙaramin nauyi, wajen 4,000 zuwa 6,000, wanda aikinsa a jiki ya fi sauƙin hasashe. A asibiti magani biyu ake ɗaukarsu, kowanne da yadda ake ba da shi.

Wani ɗan abu a gefe, don yana burge ni. Ko insulin ɗin ma, idan ka auna molekuloli ɗaya-ɗaya, ba duka ne nauyinsu ya zo daidai ba. Kusan atam ɗaya cikin kowane ɗari na kabon mai lamba 13 ne, ba 12 ba. A mitan mai kabon ɗaya wannan ba ya damun kowa. Amma molekul mai kabon 257, da wuya ya tsira babu mai 13 ko ɗaya a jikinsa. Wajen shida cikin ɗari ne kawai ke tsira. Don haka na'ura mai kaifi ba layi ɗaya take nuna maka ba, jerin layuka ne kusa da kusa, tsakaninsu dalton ɗaya-ɗaya, 5,808 kuma tsakiyarsu ce.

Game da awo, zarginka yana da tushe a tarihi, domin an daɗe ana kasawa. Tsohuwar hanya ita ce a narka abu a ruwa a ga nawa ya rage ma'aunin daskarewa, tunda wannan ya dogara ne da yawan molekuloli ba girmansu ba. Giram 10 na gulukos a kilo ɗaya na ruwa yana saukar da shi da kusan digiri 0.1, ana iya gani. Giram 10 na hemogulobin kuwa digiri 0.0003 ne, ɗan gishirin da ya maƙale a jiki ya isa ya shafe shi. Da awo ya riƙa ba da lambobi masu karo da juna, sai galibin masana suka yanke cewa roba da sitaci da furotin ƙananan molekuloli ne da suka dunƙule wuri ɗaya, ba molekul guda ba. Alhali akwai alama tun da wuri: ƙarfe kusan 0.35 cikin 100 ne na nauyin hemogulobin, atam ɗin ƙarfe kuma 56 ne. Ko da ƙarfe ɗaya tak ke cikin kowane molekul, lissafi ya ce nauyin ba zai gaza 16,000 ba. Ka ninka da huɗu ka ga inda ka faɗa.

Hermann Staudinger, Bajamushe da ke koyarwa a Zurik a lokacin, shi ya tsaya kai da fata a 1920 cewa sarƙoƙi ne na gaske, atam yana riƙe da atam kamar yadda yake a kowane molekul. A 1922 ya kawo hujja: masu cewa dunƙule ne sun ce tagwayen haɗin da ke tsakanin kabon da kabon ne ke manne ƙananan da juna, to sai ya cusa wa roba haidirojin ya kashe tagwayen haɗin. Da maganarsu gaskiya ce, da robar ta wargaje ta koma ruwa mai saurin tashi. Ba ta wargaje ba. A wannan shekarar ya raɗa wa irin waɗannan abubuwa sunan makromolekul. Duk da haka ya sha suka, har Heinrich Wieland, wanda shi ma babban masani ne, ya rubuta masa yana ba shi shawara ya bar batun, wai babu irin wannan molekul da ya haura 5,000. Sai a 1953 aka ba Staudinger kyautar Nobel. A ganina waɗanda suka ƙi yarda ba wawaye ba ne. Kayan awonsu ne ba su kai ba, suka ɗauki iyakar kayan a matsayin iyakar halitta.

Abin da ya warware rikicin sababbin hanyoyin awo ne. Matsin da ruwa ke yi idan yana ratsa tantani ya fi ma'aunin daskarewa kaifi nesa ba kusa ba: giram 10 ɗin nan na hemogulobin a lita ɗaya yana ɗaga ruwa kusan santimita 4, abin da za ka auna da rula. Da wannan hanya Gilbert Adair ya sami lamba kusa da ta gaskiya a 1925. Theodor Svedberg a Uppsala ta ƙasar Suwidin ya ƙera injin wulwulawa mai tsananin gudu, wanda ke tilasta wa molekuloli su kwanta gwargwadon nauyinsu. A 1926 ya sami kimanin 68,000 ga hemogulobin, ya kuma ga abin da bai zata ba, duka girmansu ɗaya. Dunƙulen da ya haɗu bisa sa'a ba ya fitowa haka. Daga baya aka sami hanyar haska ruwan a auna yadda haske ke warwatsuwa, da hanyar tura polima ta cikin bututu cike da ƙwayoyi masu ƙananan ramuka, inda manya ke riga fita don ba sa shiga ramukan, ƙanana su makara.

Ka lura da wani abu: hanyar tantani ƙirga molekuloli take yi, don haka Mn take bayarwa. Hanyar haske manya ne suka fi rinjayarta, don haka Mw take bayarwa. Ɗakin gwaji biyu za su iya auna roba ɗaya su kawo lambobin da suka yi hannun riga, kuma babu wanda ya yi kuskure. Duk lokacin da aka ba ka nauyin polima, ka tambaya wane matsakaici ne, da wace hanya aka auna. Lambar da ba ta zo da wannan bayani ba, rabin magana ce.

Ga furotin, yau ana auna shi kusan daidai da dalton guda. Matsalar da ta daɗe ita ce na'urar awon nauyin molekul tana buƙatar abu ya tashi sama ɗauke da cajin lantarki, furotin kuwa idan ka zafafa shi ƙonewa yake yi. John Fenn ya samo hanyar fesa shi a cikin ɗigon ruwa masu caji har ruwan ya bushe ya bar shi, Koichi Tanaka kuma ya nuna ana iya ɗaga shi da hasken leza ba tare da ya farfashe ba. Sun sami Nobel a 2002. Dabarar feshin tana da daɗi: na'urar nauyi a raba da caji take gani, don haka mayogulobin na doki, wani furotin na tsoka mai nauyin 16,951, idan ya ɗauki caji 20, a wajen 849 yake bayyana, inda ƙaramar na'ura ma ke iya kamawa. Kaifin ya kai a gane ciwon sikila ta awo. A hemogulobin na mai sikila gaɓa ɗaya ce ta sauya, ta shida a sarƙar da ake kira beta, balin ta maye gurbin gulutamik asid, kamar yadda Vernon Ingram ya gano a 1957. Sarƙar ta ragu da dalton 30 cikin kusan 15,900, na'ura kuma tana ganin wannan ragi. A nan ka ga furotin bai bi ƙa'idar leda ba: gaɓa ɗaya cikin 146 ta sauya rayuwar mutum.

Sai tambayarka ta ƙarshe, har ina? Babu wata doka a kemistiri da ta ce sarƙar kabon ta tsaya a tsawo kaza. Furotin mafi girma da aka sani a jikin mutum shi ne titin, na cikin tsoka, gaɓa sama da 30,000, nauyi fiye da miliyan 3. DNA ya yi masa fintinkau. Kuromosom na ɗaya na ɗan'adam yana da gaɓoɓi bibbiyu kimanin miliyan 248, kowane biyu wajen dalton 650, jimilla kusan biliyan 160. Da za a miƙe shi zai wuce santimita 8, molekul da ake auna tsawonsa da rula, sai dai sirantarsa nanomita 2 ce.

Daga nan kuma kalmar molekul kanta ke fara sanyi. Hemogulobin ma, sarƙoƙinsa huɗu ba ɗaure suke da haɗin atam da atam ba, rungume juna suka yi, amma muna ƙirga su abu ɗaya don tare suke aiki. Gishiri ba shi da molekul sam, 58.4 da ake rubutawa nauyin sodiyam ɗaya da kulorin ɗaya ne, ba na wani ƙullin da ke zaman kansa ba. Lu'ulu'u kuwa, wato daimon, kowane kabon yana riƙe da huɗu, tun daga wannan gefe har wancan, don haka dutsen gaba ɗayansa za a iya kiransa molekul guda. Haka tayar mota: idan aka dafa roba da farar wuta, hanyar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844, farar wutar tana gina gadoji tsakanin sarƙoƙi har su zama raga ɗaya, shi ya sa taya ba ta narkewa, sai dai ta ƙone. A irin wannan hali masu aikin roba ba sa tambayar nauyin molekul. Suna jiƙa yankin robar a cikin wani ruwan sinadari su ga iya kumburinta, daga nan su lissafa matsakaicin nauyin sarƙar da ke tsakanin gada da gada: idan ya yi yawa robar ta yi laushi tana miƙewa, idan ya yi kaɗan ta yi tauri.